Hannun Hagu

Watan farko kamar haƙa rijiya a bakin gulbi ne,
ko'ina na kafta, sai ruwa.
Do, re, mi, fa, a kwana tara na haddace,
har Mushe Sumana ya cire tabarau ya ce,
"Kai, da tun kana yaro ka soma!"
Na ɗauki maganar nan na kai ta gida Bukoki
ina tafe ina waiwaye, kamar mai jan ragon layya.

Yau wata goma sha huɗu.
Layi ɗaya ya tsare ni tun kafin azumi,
ga shi har an ci naman salla an manta.
Hannun dama ya san hanya, yana gaba yana fito.
Na hagu kuwa jaki ne da ya hango gada:
ba duka, ba lallashi,
ya kafe.

Shekara ashirin da biyu ina buga takardun ma'aikata,
yatsun nan ko a duhu ba sa ɓata harafi.
Su ne yau suke karo da juna
kamar baƙi a ƙofar masallaci.

Piyanon ma na hannu ne, daga Katako,
jika arba'in bayan doguwar jayayya.
Sol na can ƙasa ya mutu tun kafin mu haɗu,
in na iso kansa, da bakina nake cika masa.
In kuran ya ɗauke, na koma kan tabarma
ina dannar cinyata cikin zufa,
sauro na raka ni da tasa muryar.

Hamsatu ta leƙo ran nan, ludayi a hannu:
"Wai waƙar nan taka ba ta da gaba ne?"
Na yi dariya.
Da dare na lulluɓe shi da tsohon zane,
kwana goma sha ɗaya ban buɗe ba.
Aka fara ɗora masa kwanon goro.

Kawu Ɗanjuma ne ya faɗo mini a rai,
mai haƙar rijiya a duwatsun Adar.
In ya kai ga fa, wuni guda taƙi ɗaya,
wani wunin ko taƙin babu.
Na taɓa tambayarsa ko ba ya gajiya da rashin gani.
Ya ce shi ba ya leƙa zurfi,
tsakuwar da ya fitar yake dubawa da yamma.
In ta cika tafi, ya ci tuwonsa.

Na sauke kwanon goro.
Mushe Sumana ya ce, "Rage gudu."
Na rage. "Ƙara ragewa."
Har tsakanin sauti da sauti
mai shayi zai iya zuba kofi uku.
Minti ashirin bayan lisha, ba ƙari.
Ban ce ina jin daɗi ba.
Zama nake yi, kamar jiran faba-faba a Wadata.

Sai wata safiya na ji Ubaida a bakin famfo
tana wanke-wanke tana rera waƙar tawa.
Da ta iso inda nake tuntuɓe, sai ta tsaya cak,
ta ja numfashi, sannan ta ci gaba.
Ashe ita a wurinta
tsayawar ma cikin waƙar take.

Daren Laraba, zafi ya hana kowa barci,
ina bugawa ina tunanin kuɗin haya,
ban ankara ba jakin ya haye gada.
Daga tsakar gida yarinyar ta kwaɗa kira:
"Baba, ka yi kuskure! Ba ka tsaya ba!"

Na sake gwadawa sau bakwai.
Sau bakwai ya kafe.
Na kashe fitila, na duba tafin hannuna:
ga ƴar tsakuwa ɗaya.
Na je na ci tuwona.